Abincin Mai Ɗaga Ƙarfe a Makka da Jidda: Tambayoyin da Matasanmu Suka Fi Yi Mini

Na fara ɗaga ƙarfe a wani ɗan nadi, wato gidan motsa jiki, da ke ƙarƙashin bene a kudancin Jidda, inda fanka biyu ce kawai ke yaƙi da zafi. Shekarun farko duk na ɓata su wajen neman sirri a cikin roba da kwalba, alhali abin da nake nema yana cikin tukunyar gidanmu da baƙala, wato kantin bakin layi. Yanzu samarinmu na Jidda da na Makka suna tare ni a ƙofar masallaci ko wajen mai tsire, kuma kusan tambaya ɗaya suke ta maimaitawa. Shi ya sa na tattara su a nan. Ni ba likita ba ne. Mai ciwon ƙoda, ko suga, ko hawan jini, ko sikila, ya fara ganin likitansa kafin ya taɓa tsarin cinsa.

Yaya, wata shida ke nan ina zuwa nadi, jikina ko gezau. Me ya rage?

Duk wanda ya yi mini wannan tambaya sai na ce ya lissafa mini abin da ya ci jiya. Amsar ba ta cika canzawa ba: shayi mai sukari da burodin tamis da safe, shinkafar kabsa da rana, soyayyiyar kazar burost da lemon gwangwani da dare. Dubi tiren kabsar gidanku da kyau. Shinkafa ta yi tsiri kamar dala, kaza ɗaya a samanta, hannu bakwai suna kai mata hari. Kai da ka dawo daga nadi a gajiye, abin da ya zo hannunka fiffike ne da ɗan wuya. Ka tashi ciki ya cika tim, amma abin ginin jiki, wato furotin, bai shiga ba.

Ƙarfe yana wahalar da tsoka ne kawai. Gyaranta da ƙara mata kauri suna faruwa bayan ka bar nadi, da abin da ka ci da barcin da ka samu. Magini komai gwanintarsa ba ya ɗora gini in ba a sauke masa bulo ba.

To furotin nawa ya kamata in ci a rana?

Mai ɗaga ƙarfe da gaske yana buƙatar giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. In kana da kilo 70, tsakanin giram 112 da 154 ke nan. Wanda ya wuce haka bai cika ganin wani ƙarin amfani ba, kuɗinsa kawai ke tafiya. Mai ƙiba sosai ya yi lissafin da nauyin da yake son komawa, kada ya yi da wanda yake ɗauke da shi yanzu.

Kada ka tara shi duka a cin dare. Raba shi gida uku ko huɗu, kowane zama giram 25 zuwa 40.

Ba ni da kuɗin naman kullum. Daga ina zan samo wannan adadin?

Wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni, domin da yawa daga cikinmu direbobi ne, masu gadi, masu aikin hannu, kuma akwai iyali a gida da ake aika wa kuɗi. Amma ƙasar nan tana da arhar ƙwai da laban (nono) da adas (wani ƙaramin wake) da kifin gwangwani, kuma su ne jarin talaka.

Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin laban ko madara na mililita 250 yana da kusan 8. Giram 100 na gasasshen ƙirjin kaza ya kai 30. Gwangwanin tuna madaidaici, in ka tsiyaye ruwan, yana ba da 20 zuwa 25. Kofin dafaffen adas yana da kusan 18, ful kuma, dafaffen waken Larabawa, ya ɗan gaza haka.

Ga yadda nake tsara wa ƙannena masu kilo 70. Da safe ƙwai uku, kwanon ful, rabin tamis da kofin laban: wajen giram 40 ke nan tun rana ba ta yi zafi ba. Da rana kabsa, amma a ware maka rubu'in kaza naka na kanka, kusan 30. Bayan La'asar tuna a cikin burodi da albasa da lemon tsami, 25. Da dare miyar adas mai kauri da wani kofin laban, 25. Ka kai 120 ba ka sayi komai a shagon kayan nadi ba.

In ka samu sarari ka leƙa Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda, da sassafe. Ƙananan kifaye sun fi manya sauƙin kuɗi, furotin ɗinsu kuma ɗaya ne. Hantar da ake soyawa da safe a Hijaz, yankin Makka da Jidda, ita ma tana da kyau sau ɗaya a mako. Naman hashi, wato ɗan raƙumi, bai kai na rago kitse ba.

An ce in daina cin shinkafa kwata-kwata. Gaskiya ne?

A'a. Shinkafa da burodi da dankali da dabino su ne makamashin da tsoka ke ƙonawa a lokacin da kake ƙarƙashin ƙarfe. Wanda ya yanke su gaba ɗaya yakan zo nadi a sanyaye, nauyin da ya saba ɗagawa ya gagare shi. Matsalar kabsa da mandi da bukhari ita ce man da ke ɓoye a cikinsu. Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kuwa 9. Cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kuma mai dafa kabsar kasuwa da ludayi yake zubawa.

Mai son ƙara jiki ya ci shinkafarsa hankali kwance. Mai son rage tumbi ya rage ta zuwa cikin tafin hannu biyu, ya cire fatar kazar, ya cika gefen faranti da salak. Tun shekarar 2019 hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta kalori a jikin jerin abincinsu. Yawancinmu ba ma ɗaga kai mu duba. Ka duba sau ɗaya kafin ka ce a ƙaro maka dankali da miyar tafarnuwa.

Abincinmu na gida fa? Tsire, fura, ƙuli-ƙuli?

Nan ne muka fi wasu sa'a. Tsiren da kakanninmu suka kawo Hijaz, wanda mutanen Makka ke kira sire har ya zama nasu, nama ne marar kitse sosai da aka yanka fale-fale, aka shafe da garin ƙuli, aka gasa. Furotin kan furotin. Abin lura kawai shi ne gishiri da man da ake yayyafawa, sai ka ce wa mai tsire ya sassauta hannu. Kilishi ma haka, sai dai tsada da gishiri.

Gyaɗa giram 100 tana da furotin kusan 25, amma kalorinta ya haura 550. Ga siriri alheri ce, ga mai tumbi kuwa tafi ɗaya ya isa. Ƙuli-ƙuli an matse masa wani kaso na mai, don haka furotin ɗinsa ya fi na ɗanyar gyaɗa yawa. Fura da laban, in ba a cika mata sukari ba, ban san abin sha bayan nadi da ya fi ta ba: gero ya mayar da kuzari, nono ya kawo furotin da ruwa. Ɗanwake da ƙwai, alale, wake da shinkafa, miyar kuka da kifi, duk kayan haɗinsu ana samu a wajen iyayenmu mata masu sayarwa a Shara Mansur ta Makka.

Ni siriri ne, kome na ci ba ya kama ni.

Kusan duk wanda ya ce haka, in aka bi shi kwana uku, sai a tarar yana cika ciki sau ɗaya ne a yini, sauran lokacin shayi da waya. Jiki ba ya ƙaruwa sai abin da ya shiga ya fi wanda ya fita. Ƙara kalori 300 zuwa 500 a kan abin da ka saba. Dabino bakwai da kofi biyu na madara mai maiƙo sun kusa cike wannan. Ma'asub da safe, ayaba da burodi da kirim da zuma, shi kaɗai ya wuce haka.

Ka hau ma'auni sau biyu ko uku a mako, da safe kafin ka ci komai. Ƙarin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wata ya wadatar. In kana ƙara kilo huɗu a wata, yawancinsa kitse ne, kuma kai za ka sha wahalar sauke shi.

Ni kuma tumbi nake son ragewa ba tare da ƙwanjina ya zube ba.

Rage kalori 300 zuwa 500, ka bar furotin a sama, ka ci gaba da ɗaga nauyi mai nauyi. Kada saukar ta wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Fara da abin sha. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙaramin cokali takwas zuwa tara. A 2017 gwamnati ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon gas da kashi 100 a kan abin shan ƙara kuzari, amma har yau firij ɗin ɗakin samari cike yake da su. Sai shayi. Kofi biyar a yini, kowane da cokali uku, ka lissafa da kanka.

Motsa ciki sau ɗari ba ya narkar da kitsen ciki shi kaɗai, kuma ɗamarar roba da wasu ke ɗaurawa zufa kawai take fitarwa.

Ruwa nawa zan sha a wannan zafin?

A Makka zafi yana haura digiri 45 a bazara, Jidda kuma ga laima da ke sa zufa ta ƙi bushewa. Ba banza ba aka hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na yamma tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Wanda ya yini a waje ya zo nadi da Magariba ya riga ya ci bashin ruwa.

Hanya mafi sauƙi: auna kanka kafin horo da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, sai ka mayar da lita ɗaya da rubu'i zuwa ɗaya da rabi cikin awannin da ke biye. Ka duba fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi, kana baya. In kana ganin farin gishiri a rigarka bayan ta bushe, laban mai ɗan gishiri zai taimake ka fiye da ruwa zalla.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Sikila tana da yawa a cikin jininmu, kuma ko wanda ke ɗauke da rabinta, mai AS, ƙishi da zafi da horo mai tsanani in sun haɗu suna iya jefa shi cikin haɗari. Ka san nau'in jininka. In ƙafafu suka mutu maka ba zato ko numfashi ya sarƙe, ka ajiye ƙarfen nan take.

Yaya zan yi da azumi? Ina tsoron in rasa abin da na tara.

Ba za ka rasa ba in ka tsara dare. Azumin Makka yana kaiwa awa 12 zuwa kusan 15, gwargwadon lokacin da ya faɗo a shekara. Burinka a Ramadan riƙe abin da kake da shi ne. Rage yawan zagaye, ka bar nauyin kusa da yadda yake, kwana uku a mako ya isa.

Lokacin da na fi so shi ne bayan Tarawihi, domin ka ci, ka sha, jiki ya dawo. Wasu suna yi ana saura awa ɗaya a sha ruwa. Wannan ba laifi in horon mai sauƙi ne, amma ban yarda mutum ya gwada iyakar ƙarfinsa da busasshen maƙogwaro ba. Na taɓa tallafe wani yaro da jiri ya ɗebe shi da ƙarfe a kafaɗa ana saura minti ashirin a kira salla. Leɓensa ya yi fari fat, idonsa ya juye. Da ba mu biyu muke tsaye a gefensa ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Teburin shan ruwan Hijaz jarrabawa ne: sambusa, lugaimat, subiya, Vimto, ful, shurba. In ka fara da soye-soye, wurin nama ya tafi. Buɗe baki da dabino uku da ruwa da laban, ka sha shurba, ka je salla. Bayan Magariba ka ci abinci na sosai mai kaza ko kifi. Bayan horo fura da laban ko tuna da burodi. Sahur kada ka yi wasa da shi, kuma ka jinkirta shi: ƙwai, ful ko adas, laban, kunun gyaɗa ko alkama. Zama uku ke nan, kowane da giram 35 zuwa 45, ka cika adadinka. Ruwa kuma a riƙa kurɓa tsakanin Magariba da Asuba. Lita biyu da aka kwankwaɗe ana daf da kiran salla, kafin hantsi ta fice.

Garin furotin da ake sayarwa a manyan robobi, dole ne? Kuma halal ne?

Ba dole ba ne. Ruwan da ke rabuwa da madara ne wajen yin cuku, aka busar da shi ya zama gari. Ludayi ɗaya yana ba da giram 20 zuwa 25, daidai da ƙwai huɗu. Amfaninsa sauƙi ne ga direban da ke kan hanyar Makka zuwa Madina ko wanda aikinsa ba ya barinsa ya zauna cin abinci. Ka sayi mai tambarin halal a kantin magani ko shago mai lasisi, ka duba ranar lalacewa. Ƙwayoyi masu kwanso kuma ka duba da me aka yi kwanson, domin wasu da jelatin ɗin dabba ake yi. Robar da wani ya fito da ita daga but ɗin mota, ba hatimi, rabin kuɗi, ka bar masa kayarsa.

Kiriyatin fa? An ce yana kashe ƙoda.

A cikin duk kayan da ake tallatawa, shi ne aka fi bincike a kansa, kuma yana aiki. Jiki da kansa yana yinsa, akwai shi a nama da kifi. Giram 3 zuwa 5 a rana na samfurin monohaidiret, kowane lokaci, ya wadatar. Makonnin farko za ka ga ƙarin kilo ɗaya ko biyu, ruwa ne da tsoka ta riƙe. Ga mai lafiyayyar ƙoda ba a same shi da illa ba a wannan adadin. Mai ciwon ƙoda ya nisance shi sai da izinin likita. In za a gwada jininka ka faɗa wa likita kana sha, domin yana iya ɗaga wani awo da ake duba ƙoda da shi.

Gahawa kafin horo?

Tana taimakawa. Kofi ɗaya mai ƙarfi minti 30 zuwa 60 kafin ka fara. Babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, ka haɗa da shayi da abin shan kuzari cikin lissafin. In horonka na dare ne ka haƙura da ita.

Wani a nadi ya ce akwai allurar da za ta ba ni jikin shekara uku cikin wata uku.

Ƙanena, ka saurare ni da kyau a nan. Allurar tana aiki, shi ya sa take da haɗari. Sinadarin namiji ne na roba. In ya shiga, jiki sai ya ga ya wadata, ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har wani ya kasa haihuwa, nono ya fito wa namiji, ƙuraje su cika baya, jini ya hau, kitsen jini ya lalace, zuciya ta yi kauri. Na haɗiya kuma suna cin hanta. In ka daina, ƙarfi da sha'awa su faɗi, baƙin ciki ya rufe ka, sai ka koma.

Akwai wanda muka fara tare. Shekara ɗaya ya bar mu a baya, riga ba ta shigarsa. Ya yi aure, shekaru suka tafi shiru, dangi suka sa matar a gaba da jiƙe-jiƙe da rubutu. Ranar da ya nuna mini takardar asibiti muna zaune a mota, ya kifa kai a sitiyari, ya ce, "Wallahi ba laifinta ba ne." Wanda ya sayar masa da allurar tuni ya canza lambar waya. Ga kuma doka: waɗannan magunguna ba a sayar da su sai da takardar likita, kuma baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ya san abin da shiga hannun hukuma ke jawowa.

Ni mace ce. In na ci irin wannan abincin ba zan koma kamar namiji ba?

Ba za ki koma ba, 'yar'uwa. Sinadarin da ke kumbura tsokar namiji kaɗan ne ƙwarai a jikinki. Abin da za ki samu shi ne ƙarfin baya da gwiwa da ƙashi mai ƙwari. Tun da aka fara ba wa nadin mata lasisi a 2017, 'yan'uwanmu da yawa sun shiga. Lissafin furotin ɗaya ne da na maza. Ki kula da sinadarin ƙarfe na jini: mace mai al'ada tana buƙatar miligiram 18 a rana, namiji 8. Jan nama, adas da ganye suna da shi. Matsa lemon tsami a kai, ki jinkirta shayi awa ɗaya bayan cin abinci, domin shayi yana hana jiki tsotse sinadarin. In al'ada ta ɗauke saboda rage ci, abincin ya yi kaɗan, ki ƙara kuma ki ga likita.

Zan shiga gasa, na haura ajina da kilo biyu.

A gasar ɗagawa uku, wato tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, turawa daga ƙirji a kan benci, da ɗagowa daga ƙasa, ajin maza a tsarin IPF, hukumar wannan wasa ta duniya, shi ne kilo 59, 66, 74, 83, 93, 105, 120 da sama da 120, kuma ana awo awa biyu kacal kafin a fara. Awa biyu ba sa isar wanda ya busar da kansa ya farfaɗo. In gasarka ta farko ce, shiga ajin da nauyinka ya kai ka. In ka daɗe, fara saukewa tun saura wata biyu. Ranar gasa kada ka ci abin da cikinka bai saba da shi ba. Dabino, ayaba, burodi da zuma da laban sun isa.

Duk ina yin waɗannan, amma kullum a gajiye nake.

Ƙarfe nawa kake kwanciya? Garuruwan nan da dare suke rayuwa, ana hira har biyu, a tashi Asuba, a wuce aiki. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. In dare bai ba ka ba, ka rama da ƙailula bayan Azahar, ko minti 30 ne.

In barcin ya daidaita gajiyar ba ta tafi ba, je a gwada jininka, a duba bitamin D da yawan jini. Ƙarancin bitamin D ya zama ruwan dare a ƙasar nan duk da yawan rana, domin daga ɗaki mai sanyi muke shiga mota mai sanyi, kuma baƙar fata tana buƙatar daɗewa a rana fiye da fara kafin ta samar da shi. In an tarar ya yi ƙasa, likita zai rubuta maka adadin da za ka sha da tsawon lokacin. Kada ka ɗauki na abokinka, domin irin bitamin ɗin da ke taruwa a jiki ne, yawansa kuma yana ɗaga sinadarin kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda.